Jar waya ba ta da suna: yadda aka zare wayarin gidan yayana a Katsina

Shekara shida yayana ya yi yana gina gidan nan. Malamin makaranta ne, kuma duk wanda ya san albashin malami ya san tafiyar irin wannan gini: bana a buga bulo, baɗi a kai linta, a jira kwasar adashi kafin a sayi kwano. Fulotin yana bayan gari, cikin sababbin unguwannin da suka tsiro ta wajen Batagarawa, inda za ka ga gida ɗaya da mutane a ciki, kango uku na kewaye da shi, sai gonar gero da mai ita bai riga ya yanka ya sayar ba. Ɗaki uku ne da falo da kicin, sai shago a ƙofar gida.

A ƙarshen daminar 2024 aka gama rufi da filasta. Abin da ya rage cikin bashin da ya ci a ƙungiyar malamai ba zai ɗauki ƙofofi da wayarin a lokaci ɗaya ba, sai dai a zaɓi guda. Ya zaɓi waya, kuma ba zan ce wauta ya yi ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan wuta suke hawa, farashin da aka gaya maka ranar Litinin ba shi za ka tarar ranar Asabar ba. Ya sayo rol 14 na waya mai kauri 1.5 don fitilu da fanka, rol 9 na 2.5 don soket, da rol 3 na mai 4 don kicin. Duk 'yar gida ce mai kyau, jan ƙarfe zalla, kowane rol mita 100.

Mai wayarin dattijo ne da ya haura shekara talatin a sana'ar, Baba muke ce masa. Ranar da aka sauke kayan ya dubi ginin ya ce, "Malam, ka mai da wagga waya gida ka tura ƙarƙashin gado. Kada mu ja ta sai an sa ƙofa da bagila, an kuma samu mai kwana." Sai dai mai silin yana jira, ba ya rufe sama sai an gama jan waya, ga shi ya riga ya karɓi kafin alƙalami. Yaya ya ce sati uku ne kacal albashi ya shigo a sa ƙofofi. Aka ja waya cikin kwana huɗu, aka rufe silin, aka kare ƙofar gida da tsohon kwano da sarƙa da kwado.

Cikin sati ukun nan wutar Arewa ta ɗauke. Kowa ya tuna ƙarshen watan Oktoban 2024: layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, sai wanda ke hawowa daga Inugu ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Gidan Yaya ba a ma jona shi ba tukuna, amma ƙwan fitilar da maƙwabcinsa ke kunnawa a kan katanga, wanda shi kaɗai ke haska layin, ya mutu tare da sauran.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka hau babur ɗinsa muka je. Kwado yana nan a kulle, sarƙa ba a taɓa ta ba. Ta katangar baya suka hau, ga sawun silifas a jikin sabuwar filasta. Abin da na fara gani a falo akwatin soket ne, fayau, ba komai sai bakin bututu yana kallona. Na gaba ma haka. A ƙasa guntayen roba ja da baƙa da koriya sun watsu kamar inda tela ya tashi daga aiki. Akwatin rarraba wuta da ke lungun kicin an ɓalle murfinsa, an datse kowace waya daidai bakin makunninta, yanka mai tsafta na filaya mai kaifi. Silin ɗin falo, wanda ko fenti bai sha ba, an huda shi wuri biyar, kowane rami daidai inda wayoyi suka haɗu a sama. A ɗakin uwargida waya ta maƙale a kwanar bututu, suka fizga har bututun ya tsago filasta tun daga makunni zuwa kusa da linta.

Yaya ya yi salati, ya jawo bulo ya zauna.

Ni na zagaya baya. Taku kamar ɗari daga katangar akwai ramin da ake ɗibar ƙasa, a cikinsa na tarar da inda suka yi ƙuna: baƙar toka mai danƙo, zoben wayar tayar da ta cinye, da wari mai shaƙe maƙogwaro wanda iskar kwana biyu ba ta kwashe ba. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, wutar taya da tsumma kuwa robar kawai take ci ta bar shi. Hayaƙin robar guba ne mai cin huhu, amma mai sauri kafin asuba ba ta huhu yake ba. A ramin nan sunan kamfani da lambar kauri da duk wata shaidar da ke jikin wayar suka bi iska.

Da la'asar Baba ya zo, ya bi ɗakunan kamar mai bin sawun dabba. Ya ce daga akwatin suka fara, suka bi mahaɗa suka datse, sannan suka ja daga bakin soket, shi ya sa yawancin wayar ta zo musu salin-alin. Ya nuna mana abin da suka bari. Kebul ɗin da za a jawo wuta da shi daga turken lantarki, na alminiyam, yana naɗe a kusurwar shago. Wayar talabijin ma, wadda cikinta baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan ja, ba su waiwaye ta ba. "Wanda ya yi wanga aiki ya san waya," in ji shi.

Maganar nan ce ta jefa mu cikin abin da na fi jin kunyarsa a duk lamarin. Yaya ya ce da ɗan gari akan ci gari, nan take zarginsa ya sauka kan yaron Baba da ya taya jan wayar. Aka yi ta ƙus-ƙus har magana ta kai kunnen mahaifiyar yaron. Daga baya ta tabbata cewa tun kafin a ɗauke wuta yana Malumfashi wajen wani aiki. Yaya ya je har gida ya ba da haƙuri, an ce an yafe, amma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Sanin waya ya daɗe da barin hannun masu sana'a. Lebura ya sani, mai fenti ya sani, yaron da ke tura kura yana kiran gwangwan ya fi su sani, don da hannunsa yake rarrabewa kullum.

Da dare na zauna da rasit ɗin Yaya da biro. Rol ɗaya na 1.5, in an cire roba, jan ƙarfen da ke ciki kilo ɗaya ne da sulusi. Na 2.5 kilo biyu da 'yan kai, na 4 kuma kilo uku da rabi. In ka haɗa rol 26 ɗin nan za ka samu kilo 49 ko kusa da haka. Ashe duk jijiyoyin gidan nauyinsu bai wuce buhun siminti ɗaya ba, abin da mutum biyu za su raba a buhun taki su ɗora a babur.

Kuɗin fa? A kasuwar ƙarafa ta Landan, inda ake yanke farashin duniya, tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 11,000 a watan Mayun 2024, abin da bai taɓa yi ba kafin nan, kuma a watan da aka yi mana sata yana sama da dala 9,000. Dala 9 ke nan kowane kilo. Amma canji ne ya fi taɓa mu. A farkon 2023 ma farashin yana wajen dala 9,000 ɗin, sai dai a lokacin dala wajen naira 750 take a hannun 'yan canji, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Kilon da bai kai naira 7,000 ba ya koma sama da 13,000, alhali ƙarfen shi ne jiya shi ne yau. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A ce kilo 35 kawai ɓarayin suka iya zarowa, a ce kuma rabin farashin duniya aka biya su, sun tashi da sama da naira 200,000 a dare ɗaya ko biyu. Albashin wata uku ke nan.

Ɓangaren Yaya kuwa, da na haɗa kuɗin sabuwar waya da ladan ja, da gyaran silin, da fasa bango inda guntaye suka karye suka toshe bututu, da sake filasta, abin da ɓarayin suka samu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na asararsa ba. Su a sikeli suka sayar, shi kuwa zai ci gaba da biyan bashin wayar da ba ta nan.

Mai son sanin dalilin da duniya ke wawar ƙarfen nan ya ɗaga kai ya ƙirga faifan sola a rufin gidajen Katsina. Inbata, injin burtsatse, janareta, duk cikinsu naɗin jan ƙarfe ne, motar lantarki kuma tana cin ninki uku ko fiye na abin da mai fetur ke ci. Ƙasar Sin ita kaɗai tana shanye fiye da rabin wanda ake tacewa a duniya. Ko sau nawa aka narka shi ingancinsa ba ya raguwa, shi ya sa tsohuwar waya take kuɗi.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, an rubuta, an ce in mun ji motsi mu dawo. Ban ga laifinsu sosai ba, me za su nema? Mai unguwa ne ya ce mu leƙa filayen 'yan gwangwan tun kaya ba su tashi ba, ya haɗa mu da wakilinsa.

Fili na uku da muka shiga shi ne mafi girma. An kewaye shi da kwano, tsaunin ƙarfe a gefe guda, robobi a wani, ga gawar firij da injin niƙa da gadon ƙarfe na 'yan da. Alhajin wurin yana zaune kan benci kusa da sikeli, mayen ƙarfe rataye a wuyansa da igiya. Duk abin da aka kawo sai ya manna masa. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, a jefa can. In bai kama ba sai ya ɗauki magagari ya kankara ya ga launin ciki: ja kofa ce, wato jan ƙarfe, ita ce sarauniya, rawaya biras, fari alminiyam. Ita kofar ma hawa-hawa ce, wadda aka feɗe da reza tana ƙyalli ta fi ƙonanniya tsada. Ba a zube ta a fili kamar sauran kaya, a buhu take, cikin ɗan ɗaki mai kwado a bayan bencinsa.

Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Da Yaya ya gama bayani sai ya sa yaro ya jawo buhu biyu ya zazzage a gabanmu. Dunƙulen baƙar waya ne, an murɗe su kamar gammo. "To Malam, ga ta nan. Nuna mani taka." Yaya ya tsuguna, ya juya wannan, ya juya wancan. "Ka gani? Jar waya ba ta da suna. Masu wayarin na kawo mani ragowar aiki, masu naɗin kwayil na kawo ƙonanne, yara na fasa injin firij. In na ce kowa sai ya zo da rasit, rufe wurin zan yi. Yaran da ke ci a nan su yi mi?"

Rabin maganarsa gaskiya ce. Jari-bola ta rufa wa dubban matasan Arewa asiri, daga nan har Legas da Fatakwal, ta kuma kwashe tarkacen da ba mai kwashewa. Baƙin ƙarfe yana tafiya masana'antun rodi, jar waya da alminiyam kuwa tirela ke kwasarsu zuwa Legas da Ogun a narka a zuba su sanduna. Tarkacen ƙarfe yana cikin jerin kayan da kwastam ta hana fitarwa daga Najeriya, amma in an narka ya zama sanda ya tashi daga tarkace, sai ya hau jirgin ruwa. Ta haka farashin Landan yake biyowa har bencin Alhaji.

Ɗaya rabin ne ban yarda da shi ba. Baba ya nuna mini bambancin daga baya, da hannunsa. Ragowar aiki guntaye ne, taƙi ɗaya, kamu ɗaya. Wayar tsohon gida takan zo da kore-kore da tabon ɗauri. Amma doguwar waya mita goma-goma, kauri ɗaya, ba tabo, an ƙona ta jiya, kilo talatin a hannun yaron da ba shi da shago ba shi da ubangida, wannan ko makaho ya shafa ya san daga bangon wani ta fito. Mai sikeli ya fi kowa sani, kuma farashin da yake yankewa shi ke tona shi. Kayan halal ba ya iya taya su rabin kuɗi, don mai su zai wuce gaba. Wanda ke waige-waige, ba ya iya tsayawa ciniki, shi ake yi wa tayin wulaƙanci. Ban ce Alhajin nan ya sayi wayar Yaya ba, ba ni da shaida. Wani dai ya saya, kuma ya san abin da ya saya.

Bayan kamar wata guda 'yan sintiri suka kama wani yaro da asuba a wani kango layi biyu daga namu, buhu a kafaɗa, hannunsa baƙi ƙirin da toka. Bai fi shekara sha bakwai ba. Jama'a suka taru da gorori, ba don liman ya tsaya a kansa ba da an yi aika-aika. Ya rantse bai taɓa shiga gidan Yaya ba, ba a kuma samu abin da ya ƙaryata shi ba. Abin da ya faɗa gaban mai unguwa kafin a miƙa shi ga hukuma shi ne mai amfani: shi ba ya kai kaya kowane fili. Akwai mai zuwa a babur da sikelin rataya, su haɗu a bayan gari, a auna, a biya shi hannu da hannu, kowa ya kama gabansa. Ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Ta hannun irin wannan ɗan tsakiya kayan ke isa babban fili a gauraye da na halal, an wanke su tas.

Doka kam ba ta yi ƙaranci ba. Tun 1984, zamanin mulkin soja na marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, dokar soja mai lamba 20 ta sa hukuncin kisa kan lalata wayoyin lantarki da bututun mai, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ambaci satar waya, ta haɗa da mai karɓar kayan yana sane. Shekara arba'in ana tsoratarwa ana zare waya. Wasu sun gwada rufe sana'ar ɗungurungum: Kenya ta dakatar da cinikin tarkacen ƙarfe a watan Janairun 2022, bayan 'yan watanni ta buɗe, Borno ta hana jari-bola a 2023, Abuja ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu a farkon 2025 bayan an kwashe murafen magudanan ruwa a manyan tituna. Ni abin da Ingila ta yi a 2013 ya fi kama hankalina, don bakin sikeli ta nufa: ba mai sayen tarkace sai da lasisi, sai ya ga katin shaidar mai sayarwa ya rubuta, kuma ba a biya da tsabar kuɗi. A garin da mai shayi ma yake karɓar tiransifa, ban ga abin da zai hana a ce kuɗin jar waya sai ta asusu mai suna ba, a bar gwangwani da roba yadda suke.

A unguwar an yi abin da aka iya. Mai unguwa ya tara masu kangaye, aka yanka wa kowa kuɗin sintiri na wata, aka hana masu kura shiga layukan bayan magariba. Alhaji mai sikeli da maƙwabtansa suka yarda su ajiye littafi. Na ga nasa ranar da na koma sayar da tsohon batir: littafin 'yan makaranta ne, shafi uku na farko cike da sunaye da lambobin waya, daga nan rubutun ya fara tsallake kwanaki. Mai babur da sikelin rataya ba ya cikin kowane littafi.

Wajen sake wayarin an ɗan yi ja-in-ja. Wani mai shago ya nuna wa Yaya waya mai araha, ja jawur a ido. Baba ya ɗaga rol ɗin ya ji shi sakayau, ya kankare bakin wayar da wuƙa, sai ga fari ya fito. Alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe. Wutar da take iya ɗauka ba ta kai wadda jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka ba, tana zafi, tana sakin ɗauri a bakin soket, daga nan gobara ke tashi. "Ɓarawo ba ya son ta, gaskiya ne," in ji Baba. "Amma ni ba ni sa ta inda yara za su kwana. In ita kake so, Malam, nemi wani."

Yaya ya haƙura ya koma kan tsarin da aka gaya masa tun farko. Ƙofofin ƙarfe da bagila aka fara sawa. Shagon ƙofar gida aka ba wani magidanci da 'yan bindiga suka taso da iyalinsa daga wani ƙauyen Batsari, irin bayin Allahn da suka cika kangayen bayan gari. Shi ya samu rufi, gidan ya samu mai kwana. Aka sake jan waya a ɗaki biyu da kicin kawai. Inda bututu ya toshe aka bi ta saman bango da farar roba mai murfi, abin da uwargida ta ce ya mai da ɗakinta kamar ofis.

Sun tare bayan ƙaramar Sallah. Falo har yanzu ba wuta. Ramuka uku na silin an toshe su, biyu suna nan. A kowane akwatin soket Baba ya zura shuɗiyar igiya ya bar bakinta a waje, don ranar da kuɗin waya suka samu a ɗaura a ja. Autar Yaya ta gano cewa in ta ja ta bakin ƙofa, ta bayan kujera tana motsi, kullum sai an kwaɓe ta.